Bappa da Akwatin Likita

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, ranar Talatar da ta wuce kuwa Bappa aka kira. Yayan mahaifina ne. A gidansa na Yola Gari na girma, shi ya sa da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki ni aka ɗora wa karɓar mata, duk da cewa yanzu a Karewa nake aure, can kuma nake koyarwa.

Jama'a sun zo fiye da yadda muka zata. 'Yan goro na kasuwar Yola sun rufe rumfunansu sun zo a jere, wani tsoho a cikinsu ya ce tun suna samari rumfarsa ke jikin ta Bappa, bai taɓa ganin an dawo masa da goro mai sankara ba. Wata mata ta zo daga Michika da ɗan ƙullin gyaɗa, ban gane ta ba sai da ta tuna mini tana cikin waɗanda suka zauna a gidanmu shekarar gudun hijira. Ta ajiye gyaɗar, ta buɗe baki, kuka ya hana ta. Masu Fulatanci suka yi addu'a da Fulatanci, masu Hausa da Hausa. Amma duk wanda ya san gidan sosai, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya rage murya ya ce, "Akwatin fa?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Bappa ya yi sati uku a asibiti kafin ya cika, a tsakiyar bazara, zafin nan na Yola da ke busar da wanki kafin ka gama shanya. A ɗakinsa akwai akwatin da ya yi shekara goma yana kula da danshinsa, a irin wannan lokaci ma kwana biyu ba sa wucewa bai duba shi ba. Abin da ke ciki ba nasa ba ne, kuma ni ya bar wa wasiyyar in mayar wa masu shi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, jinya ta ɗauke mini hankali, sati ukun nan akwati bai faɗo mini a rai ba sai dab da ƙarshe. Tsorona shi ne in buɗe a gaban mutanen in tarar komai ya bushe ya tsattsage.

Bari in faɗi yadda akwatin ya shigo gidanmu.

Bappa yana da aboki, likitan shanu ne da ya yi ritaya, Kirista daga wajen Numan, gidansa na Karewa. Kowa Likita yake ce masa. Abotarsu a rumfar goro ta fara, saboda Likita ba ya shiga ruga hannu biyu, sai ya biyo ta wurin Bappa ya sayi goron gaisuwa. A hankali sayayya ta koma hira, hira ta koma zama, har ya kai in Likita bai leƙo ba kwana biyu Bappa sai ya hau keke-napep ya je dubiya. Ɗan Likita da ke ƙasar waje ne ya aiko masa da akwatin, ɗan madaidaici na katako mai ƙamshi, cike da tabar nan mai kauri da ake naɗewa ganye a kan ganye, babu takarda. A cikin murfin akwai ɗan agogo mai allura ɗaya wanda ke nuna yawan danshi, da ɗan gwangwani mai soso a ciki. Likita ba mashayi ba ne can can. Kara ɗaya yake kunnawa ranar Kirsimeti, ɗaya kuma duk ranar da aka haifa masa jika.

Shekarar da mutane suka gudo daga Mubi da garuruwan arewa, 'yar autan Likita tana can tana aikin jinya, wayarta ta daina shiga. Kowa yana gudowa kudu, shi ya shirya zai nufi arewa. Da hantsi ya shigo zaurenmu da akwatin a hammata, ina nan ina tankaɗe a tsakar gida, ina jin su. Ya ce gidansa ya cika da dangi da yara masu taɓe-taɓe, matarsa kuma dama neman hanyar zubar da abin take yi. Ya ce duk garin nan ba wanda ya san danshi kamar mai goro.

"Riƙe mini, kwana biyu ne. Kada ya bushe, kada ya jiƙe. Allurar nan ta tsaya kusa da saba'in."

Bappa ya yi ta ba shi baki kada ya tafi. Da ya ga ba zai hanu ba, ya cika masa aljihu da goro, ya raka shi bakin titi. Bayan sati uku yarinyar ta iso Jimeta ta hanyar Kamaru, ƙafafu a kumbure, ba ta haɗu da mahaifinta ba. Likita dai har yau ba wanda ya gan shi ko gawarsa.

Kara goma sha huɗu ne a cikin akwatin, Bappa kuwa ya fara da ɓarna. Shi a saninsa abin da ke son danshi ana yayyafa masa ruwa ne a lulluɓe shi da ɗanyen ganye, haka ya yi wa goro tun yana saurayi, goro bai taɓa kai ƙararsa ba. Da ya ga allura ta fara sauka, sai ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa wa na saman, ya shimfiɗa musu ganye, ya rufe abinsa yana jin ya yi gwaninta. Bayan kwana biyar ya buɗe. Guda uku sun kumbura sun fashe, funfuna ta yi musu kore. Ban taɓa ganin Bappa ya rikice irin na ranar ba. Mutumin da ɓarawo ya taɓa kwashe masa rumfa ya ce Allah ya musanya ya ci gaba da hira, ga shi zaune a ƙasa da karan taba uku a tafin hannu, bai ci abincin rana ba.

Ya aika aka kira ni, ya ce in karanta masa 'yar takardar Turancin da ke manne a murfi, wadda tun farko bai ga dalilin tambayar ma'anarta ba. Na karanta. Ruwa ba ya taɓa tabar ko kaɗan. Soso kaɗai ake jiƙawa, a matse shi, shi zai riƙa sakin danshi a hankali, katakon ya sha ya riƙe. Ruwan ma sai tatacce wanda ba gishirin ƙasa a cikinsa. Ya saurara kamar ɗalibi, sannan ya ce, "Ashe ita ba ta shan ruwa, shaƙa take yi." Ukun da suka lalace bai zubar ba. Ya busar da su, ya naɗe a takarda, ya sa a wani tsohon gwangwanin madara dabam.

Daga nan ya mai da abin sana'a. Ruwan rijiyarmu yana barin farin ɓawo a gindin buta, don haka ya ce bai yarda da shi ba. Sai ya ɗora tukunya, in ta tafasa ya riƙa ɗaga murfi yana tsiyaye ɗigon tururi a cikin kofi, ɗigo ɗigo, har ya tara abin da zai jiƙa soso. Ya zaɓi tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ya koma can da kwana. Ya zuba yashi a lungu, ya girka randa a kai, ya ajiye akwatin a kan 'yar kujera kusa da ita, ba a jikinta ba. In rani ya yi tsanani yana jiƙa yashin safe da yamma. In damina ta sauka kuma aikin sai ya juye, domin a Yola bango kansa gumi yake yi. Sai ya cire soson gaba ɗaya, ya matsar da akwatin nesa da randa, ya sa ɗan ƙullin busasshiyar shinkafa a gefe. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yana juya su, na ƙasa su dawo sama, yana duba kowanne a hasken ƙofa ko ƙwaro ya huda shi, kamar yadda yake tsince goro.

Daga baya ma ya daina dogara da allurar. Sai ya ɗauki kara ɗaya ya murza a hankali kusa da kunnensa. In ya ji ƙas-ƙas, ƙishirwa take ji. In ya matsa ya ga wurin bai taso ba, ta sha da yawa. Wata rana ya ce mini agogon nan ya fara ƙarya, ya ɗara gaskiya da kaɗan. Na yi dariya na ce Bappa yanzu har ƙirar Bature kake gyara wa zance. Na duba a waya yadda ake gwada shi da jiƙaƙƙen gishiri a rufaffiyar leda, muka gwada. Shi ke da gaskiya. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, mutumin da bai taɓa kai taba bakinsa ba.

Ba kowa abin ya burge ba. Mahaifina, ƙanin Bappa, shi ke jan salla a masallacin unguwa, kuma bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Wata rana bayan la'asar ya same shi a zaure ya ce mutane suna magana, dattijo mai zuwa sahun farko yana renon taba a ɗakin da yake salla, ya kamata a fitar da ita a ƙone, in ya so a nemi gafara. Suka ɗaga murya, abin da ba su saba ba. Bappa ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ba a ce in sha ba, an ce in riƙe. In kana da ayar da ta ce amana tana faɗuwa saboda warinta, karanto mini." Mahaifina bai karanto ba, amma ya yi wata biyu ba ya cin abinci a gidan. Abin da ya dawo da shi ban sani ba. Na dai ga wata damina ya aiko da roba cike da ruwan sama da ya tara a tsakar fili, ya ce a tambayi yayansa ko wannan zai yi.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta Dada, matar Bappa, wadda ta raine ni. Dada mace ce mai turaren wuta, ɗakin da bai sha hayaƙi ba a wurinta ba ɗaki ba ne. Wata safiya Bappa yana kasuwa ta shiga ta share masa, ta ji warin taba, ta ce yau sai ta kore shi. Ta kawo kasko ta zuba turare mai kyau, har ta ɗaga murfin akwatin don ƙamshin ya ratsa. Allah ya sa Bappa ya manta mabuɗin rumfa ya dawo. Ganyen taba kuwa duk warin da ya samu ɗauka yake yi. Ya rufe akwatin ya fita da shi da sauri, ya dawo ya kafa doka: daga yau ba turare, ba kasko, ba man shafawa mai ƙamshi a ɗakin nan. Dada ta ce in haka ne tsintsiyarta ma ba za ta ƙara shiga ba. Ta kuwa cika alkawari. Shekara da shekaru Bappa ke share ɗakinsa da kansa, ita kuma in ta ga ya ɗora tukunyar tururi sai ta ce mana ga malamin asibiti ya fito aiki, a ba shi hanya. Wani lokaci ta ce itacenta yake ƙonawa a kan abin da ko akuya ba za ta ci ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da tsiyaye murfinsa.

Kada a ɗauka bai yi ƙoƙarin mayarwa ba. Da shekara ta zagayo ya sa babbar riga, ya naɗe akwatin a zane, na raka shi Karewa. Matar Likita, wadda muke ce wa Mama, ta tarbe mu da ruwa da fara'a, har ta ga abin da ke cikin zanen. Fuskarta ta canza. 'Yan'uwan mijinta da mutanen cocinsu sun daɗe suna roƙonta ta yarda a yi masa addu'ar rasuwa, ta ƙi. Ta miƙe tsaye ta ce, da irin Hausarta ta Jimeta, "Alhaji, wanda ya ba ka, shi za ka mayar masa. Ni ban ga gawa ba. In na karɓa wannan, na kashe shi ke nan." Bappa ya sake naɗe zanen, muka fito. A cikin keke-napep na ce to yanzu sai yaushe. Ya ce Likita kwana biyu ya ce, shi kuma ba a ba shi aikin ƙirga kwanakin ba.

Tun daga nan duk Kirsimeti Mama tana aiko mana da shinkafa da kaza, ɗan aiken kuma tambaya ɗaya yake kawowa, ko Alhaji yana nan yana kula da kayan. Bappa ya ce a ce mata suna nan lafiya. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni, ina ganin tsofaffi biyu suna yaudarar juna da katako. Yanzu na gane cewa muddin ana jiƙa soson nan a Yola, a wurin Mama mijinta yana hanya ne, Bappa kuma ya san haka, ya ɗauki nauyin bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ciwon da ya kwantar da shi ya riƙe masa harshe. Sai ana saura kwana biyu ya cika bakinsa ya ɗan saki, ni ce a gefen gado. Ya ce in kai wa Mama akwatin, wannan karon za ta karɓa. Ya ce in haɗa da gwangwanin madara. "Ki nuna mata ukun nan. Ki ce ni na ɓata su da hannuna, da rashin sani. Ta yafe mini a madadinsa." A nan ne akwatin ya faɗo mini a rai. Na jira ya tambaye ni ko ana duba shi, ina shirya ƙaryar da zan yi. Bai tambaya ba. Na ɗauka ciwo ne ya mantar da shi.

Ban kai ga zuwa Karewa ba, Mama ta zo da kanta ranar addu'ar uku, da sanda, 'yar autan nan tana riƙe da ita. Ta zauna kusa da Dada, wadda ke lulluɓe cikin takaba, suka gaisa. Na ga in ban yi yanzu ba, ba zan iya ba. Na karɓi mabuɗi a hannun Dada na shiga ɗakin. Ko murfin ban iya ɗagawa ba, na dai sunkuto akwatin da gwangwanin na kawo na ajiye a tabarma. Mahaifina ya taso daga zaure ya tsaya a bakin ƙofa. Na faɗi saƙon Bappa kalma da kalma. Sannan na ƙara nawa, na ce sati uku ba a duba shi ba, laifina ne, duk abin da suka gani kada su ɗora wa mamaci.

'Yar autan ce ta buɗe. Ƙamshin katako da ganye ya tashi, ta rufe baki da hannu, ta ce warin rigar babanta ke nan ranar Kirsimeti. Ni allurar nake kallo. Tana nan daidai inda Bappa ke son ta, ta ɗara saba'in da ɗan kaɗan ɗin nan na ƙaryarta. Na ɗauki kara ɗaya na murza a kunnena. Shiru. Na taɓa soson, da danshinsa.

Na juya na dubi Dada. Ita kuwa ƙasa take kallo, tana gyara bakin mayafi. Da ta ga duk mun zuba mata ido, ta ce shekara goma tana kallon mutum yana abu ɗaya, ko jaki ne ai ya koya. Ta ce kullum kafin ta tafi asibiti take ɗora tukunyar, kuma ranar da za ta shiga ɗakin ba ta shafa turare. Sai a lokacin na gane abin da ya hana Bappa tambaya. Ya san wadda ya bari a gida.

Mama ba ta taɓa goma sha ɗayan nan masu kyau ba. Gwangwanin madarar ta jawo, ta warware takardar, ta zuba fasassun ukun a cinyarta. Ta daɗe tana kallonsu. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da 'yarta ta dawo ita kaɗai, sai ga shi suna zuba ba ta ko sharewa.

"Na yafe," ta ce. "Shi ma ya yafe. Da shi ne ya riƙe, da tuni ya ƙone su duka." Ta kama hannun Dada. "Naki kin ga an ɗauke shi. Nawa, yau ne na gani."

Ta ce wa 'yarta in sun koma ta kira fasto da 'yan'uwan babanta, a sa ranar addu'ar rasuwa. Mahaifina daga bakin ƙofa ya ce in an sa ranar a sanar da mu, za mu je. 'Yar autan ta rungume akwatin, za ta kai wa yayanta da ya aiko shi. Fasassun ukun kuwa Mama ta ƙulle su a bakin zanenta, ta ce su za a sa a ƙasa a garinsu, tunda ba abin da za a binne.

Allah ya jiƙan Bappa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa abin da aka ba shi riƙo. Da baƙi suka watse na leƙa ɗakinsa. Dada na ciki da tsintsiya, karo na farko cikin shekara tara, ta share har gindin randa. Kaskon turarenta yana bakin ƙofa da garwashi a ciki. Na ce in miƙo mata. Ta dubi 'yar kujerar da babu komai a kanta, ta ce in bari tukuna, warin bai gama fita ba.